Ka Sauya Babur Inshora Ba Ta Ƙare Ba: A Gyara Takarda, A Soke, Ko A Jira?

Mai neman sabon babur yakan yi watanni yana lissafi. Ya san nawa za a sayi tsohon, ya san nawa zai cika, har kuɗin sabuwar hular kwano ya ware. Sai ranar karɓar makulli ta ƙarato sannan ya tuna cewa takardar inshorar da ke hannunsa lambar tsohon babur ce a jiki, kuma da sauran watanni kafin wa'adinta ya cika. A nan ake yin gaggawa, kuma a nan ake asarar kuɗin da bai kamata a rasa ba.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce nawa kamfani zai caja don ya cire wannan babur ya sa wancan. Tambaya ce mai kyau, amma kuɗin gyaran takardar shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Abin da ke yanke hukunci abu biyu ne: watanni nawa suka rage a inshorar, da kuma ko kamfanin da kake ciki yana son irin baburin da ka sayo ko ba ya so. Idan ka riƙe waɗannan biyun, sauran lissafin ba shi da wuya.

Ma'aunan da za a ɗora kowane zaɓi a kai

Na farko kuɗi, kuma kashi uku ne. Akwai kuɗin aiki, wato abin da kamfani ko dillali ke karɓa don kawai ya taɓa takardarka. Wannan yawanci tsayayye ne, ko ranar farko ka sauya ko ranar ƙarshe, kuma yana rubuce a cikin sharuɗɗan da aka ba ka ranar da ka sayi inshorar. Wasu kamfanonin suna rage shi ko su yafe idan da kanka ka yi sauyin ta intanet maimakon kiran waya. Sai bambancin kuɗin shekara tsakanin tsohon babur da sabo, wanda ake kasawa bisa kwanakin da suka rage. Sai kashi na uku da ba a cika gani ba: abubuwan da ka riga ka biya waɗanda ba sa dawowa, kamar inshorar ɗauko babur idan ya lalace a hanya, da ta hula da rigar kariya, da ta kuɗin lauya, da ladan dillali.

Na biyu rangwamen da ake ba wanda ya shekara bai nemi diyya ba. Wannan rangwamen da cikakkiyar shekara ake ƙirga shi. Wata 11 ba shekara ba ne, kuma a yawancin kamfanoni wanda ya soke inshora a wata na 11 ya tashi a tutar babu, sai dai ya fara ƙirga daga farko a sabuwar. Girman rangwamen ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Indiya yana farawa daga kashi 20 cikin 100 bayan shekara ɗaya, ya hau har kashi 50 bayan shekara 5, a kan ɓangaren kuɗin da ke kare baburinka. A Faransa kowace shekarar da ba ka jawo hatsari ba ana rage kashi 5 cikin 100 har kuɗin ya sauko zuwa rabi, kowane hatsarin da laifinka ne kuma ya ƙara kashi 25. Ko'ina ne dai, shekarun farko su suka fi daraja, domin a nan ne mai babur ke biyan kuɗi mafi nauyi.

Na uku ɗorewa: zaɓin da ka yi yau me zai jawo maka ranar sabuntawa da shekarar da ke biye. Na huɗu sauƙi. Na biyar haɗari, wato yiwuwar ka hau titi ba inshora ko da na awa ɗaya ne, ko kuma sunanka ya ci gaba da zama a kan baburin da ya riga ya bar hannunka.

Zaɓi na ɗaya: a sauya baburin a kan inshorar da ke akwai

Wannan ce hanyar da aka fi bi. Ka kira kamfani ko ka shiga shafinsu, ka ba da lambar sabon babur, samfurinsa, shekarar ƙira, girman inji, darajarsa, inda zai riƙa kwana, da duk wani gyara da aka yi masa. Su sake lissafa kuɗin shekara, su cire na tsohon, su caje ka bambancin na kwanakin da suka rage, su ɗora kuɗin aiki. Ranar ƙarewar inshorar ba ta motsawa, shekararka ta rashin neman diyya kuma tana ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya faru. Wannan shi ne babban alherin wannan hanyar.

Aibinta kuwa, a tsakiyar shekara ba ka cikin kasuwa. Ranar da ka fara sayen inshora kamfanoni da yawa ne ke zawarcinka, ka zaɓi wanda ya fi araha a kan wancan baburin. Yanzu kamfani ɗaya ne zai faɗi farashi, kuma ba lallai ne ya zama gwani a irin sabon baburinka ba. Kamfanin da ya fi kowa sauƙi a kan ƙaramin babur mai cc 125 (cc ma'aunin girman inji ne) na zuwa aiki yana iya zama mafi tsada a kan babur mai cc 600 na gudu, domin kowane kamfani da irin haɗarin da yake so ya ɗauka. Girman inji, tsadar kayan gyara, yadda ɓarayi ke son samfurin, shekarun mai hawa da daɗewarsa da lasisi, duk kowane kamfani da nauyin da yake ba su. Ko ta hannun dillali ka sayi inshorar, galibi a tsakiyar shekara kamfanin da ya riga ya ɗora ka a kai ne kawai zai tambaya.

Akwai kuma abin da ke shigowa a ɓoye. Sabon babur kan zo da sababbin sharuɗɗa. Kason da za ka biya daga aljihunka kafin kamfani ya biya diyya yana iya hauhawa. Ana iya sa maka sharaɗin cewa dole baburin ya kwana a gareji a kulle, ko a ɗaure shi da sarƙa ta musamman, ko a sa masa na'urar bin sawu. Wanda ya ji farashi a waya ya ce "to, na amince" bai karanta sabuwar takardar ba, ranar da aka sace baburin a ƙofar gida ne zai ji labarin sharaɗin gareji. Wannan ya fi kowane kuɗin aiki ciwo, kuma minti goma na karatu sun isa su hana shi.

Idan kana biya wata-wata, ka sani cewa a wurare da yawa wannan bashi ne da kuɗin ruwa a kai. Ƙarin da sauyin ya jawo za a raba shi a kan watannin da suka rage, ko a nemi ka biya shi lokaci ɗaya. Ka tambaya tun kafin a cira daga asusunka.

Idan sabon baburin ya fi tsohon arahar inshora, ka cancanci a mayar maka da wani abu. Sai dai za a fara cire kuɗin aiki, kuma wasu kamfanonin ba sa mayar da abin da bai kai wani adadi ba.

Kamfani yana iya cewa sam ba ya inshorar wannan baburin, ko ba ya yi wa mai shekarunka. To, zaɓi na ɗaya ya faɗi, an tura ka na biyu ba da son ranka ba. A irin wannan hali ka roƙi a yafe maka kuɗin sokewa tunda su ne suka ƙi, wasu suna yarda. Ka kuma tabbatar an rubuta cewa kai ne ka nemi sokewar. Inshorar da kamfani ya soke da kansa tabo ce da kamfanoni kan yi tambaya a kai shekaru bayan haka, wadda mai ita ya soke kuwa ba komai ba ce.

Zaɓi na biyu: a soke tsohuwar, a sayi sabuwa

Nan ka koma kasuwa, kowa ya faɗi farashinsa a kan sabon babur. Idan tazarar tana da faɗi, wannan hanyar tana iya rage maka kuɗi sosai. Amma fita daga tsohuwar ba kyauta ba ce.

Akwai kuɗin sokewa, wanda galibi ya fi kuɗin gyaran takarda. Sannan akwai yadda za a lissafa abin da za a mayar maka, kuma hanya biyu ce. Wasu kamfanonin suna ƙirga kwana-kwana: ka yi rubu'in shekara, su riƙe rubu'in kuɗi. Wasu kuma suna da jadawalin gajeren zango, wanda ke sa watannin farko su fi tsada, ta yadda wanda ya yi wata 3 za a riƙe masa fiye da rubu'i, wanda ya wuce wata 8 ko 9 kuma yana iya tashi ba ko sisi. Jadawalin yana cikin littafin sharuɗɗa. A ganina duk wanda bai buɗe wannan shafin ba bai kamata ya furta kalmar sokewa a waya ba.

Idan ka nemi diyya a cikin wannan shekarar, ko akwai wata magana ta hatsari da ba a rufe ba, yawanci babu abin da za a mayar maka, kuma idan wata-wata kake biya za a bi ka sauran kuɗin shekarar gaba ɗaya. Ga mai irin wannan hali sokewa biya biyu ne.

Sai rangwamen rashin neman diyya. Shekarun da ka riga ka cika naka ne, suna bin ka duk inda ka je, amma guntuwar shekarar da kake ciki ta tafi. Sabon kamfani zai nemi shaida a rubuce daga tsohon, kuma yakan ba ka 'yan makonni ka kawo. Idan ba ka kawo ba zai cire rangwamen ya ƙara maka kuɗi, ko ya soke inshorar. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai inshora damar neman takardar tarihin diyyarsa ta aƙalla shekara 5 da suka wuce, kamfani kuma ya ba shi cikin kwana 15. Ko ina kake, ka nemi takardar a ranar da ka soke, kada ka bari sai an matsa maka.

Lokaci ɗaya ne sokewa ke da sauƙi ƙwarai: farkon inshorar. A Birtaniya, misali, akwai kwana 14 na sake tunani bayan an sayi inshora, wanda a cikinsu za ka iya fasawa a caje ka kwanakin da ka yi kawai da ɗan kuɗin aiki. Wanda inshorarsa ta sabunta kanta makon jiya, wannan makon kuma ya sayi babur, ya duba ko yana da irin wannan dama.

A zauna a yi lissafin

Ga misali da alƙaluman da na ɗauka don bayani kawai, ba na kuɗin wata ƙasa ba ne, ba kuma farashin wani kamfani ba. A ce inshorar tsohon babur 600 ce a shekara. Kamfaninka ya ce sabon babur 960. Wani kamfanin ya ce 780. Kuɗin gyaran takarda 30, kuɗin sokewa 50.

Idan wata 3 ka yi, saura 9. Sauyawa: bambancin shekara 360 ne, na wata 9 ya kama 270, a ɗora 30, ka biya 300. Sokewa: za a mayar maka 450, a cire 50, saura 400. Sabuwar inshora 780 ce, amma ta wata 12 ce, don haka in za a yi adalci a kwatanta sai a ɗauki rabon wata 9 kawai, wato 585. Cire 400 ɗin da ya dawo, sokewa ta ci maka 185. Ka tsira da 115, abin da ka rasa kuma wata 3 ne na rangwame. Nan sokewa ta yi nasara. Lura dai cewa a ranar kuɗin da zai fita daga hannunka ya fi yawa, domin 780 za ka biya nan take, 400 ɗin kuma sai daga baya ya iso.

Yanzu a ce kamfaninka na jadawalin gajeren zango ne, ya riƙe kashi 40 cikin 100 a kan wata 3. Abin da zai dawo ya zama 360, cire 50, saura 310. Sokewa ta koma 275. Ribar da ta kai 115 ta sauko 25, kuma ba a ma sa ladan dillali da ƙananan inshorori da ba sa dawowa ba. Shafi ɗaya na sharuɗɗa ya cinye ribar kusan duka.

Idan kuwa wata 10 ka yi, saura 2. Sauyawa: 60 da 30, wato 90. Sokewa: 100 za su dawo, cire 50, saura 50, rabon wata 2 na sabuwar kuma 130, ka kashe 80. Ribar 10 kacal, a kanta kuma ka zubar da wata 10 na rangwame da saura ƙiris ya zama shekara. Ko da kashi 10 cikin 100 ne shekarar za ta rage maka a kan 780, 78 ke nan, kuma ƙirgarka za ta ci gaba da zama a baya a shekarun da ke tafe. Nan babu gardama: ka sauya, ka cika shekararka, ranar sabuntawa ka tafi kamfanin 780 da rangwamenka a hannu.

Mai saukowa zuwa ƙaramin babur ma ya yi nasa. A ce sabon 480 ne. Saura wata 9, bambancin 90 ne, a cire 30, a mayar maka 60. Saura wata 2, bambancin 20 ne, kuɗin aiki 30, wato kai da ka rage haɗari kai ne za ka cika 10. Yana da ban haushi, amma haka lissafin yake, kuma bai zama dalilin ƙin sanar da su ba.

Zaɓi na uku: a riƙe baburan biyu na ɗan lokaci

Ba kullum tsohon babur ke tafiya ranar da sabo ya zo ba. Idan ba musanya ka yi da dilan babura ba, tsohon yana iya yin makonni yana jiran mai saye. Cire shi daga inshora yana nufin idan aka sace shi ko wuta ta cinye shi ba ka da komai, kuma ba ka da ikon fita da shi titi don nuna wa mai saye. A wasu ƙasashen ma ajiye shi haka laifi ne. A Birtaniya tun 2011 duk abin hawan da ke da rajista dole ya kasance da inshora, sai dai idan mai shi ya sanar da hukuma a hukumance cewa ya janye shi daga titi.

Mafita biyu ce. Wasu kamfanonin suna yarda su bar tsohon a kan takardar na mako ɗaya ko biyu ko wata guda bayan an sa sabon, a kan ɗan ƙarin kuɗi. Wannan ya fi komai tsafta ga mai niyyar sayarwa. Ga mai niyyar riƙe biyun kuma akwai inshorar babura da yawa a takarda ɗaya, wadda takan fi takardu biyu araha saboda mutum ɗaya ba ya hawa babur biyu lokaci guda. Abin lura, a tsarin kamfanoni da yawa rangwamen rashin neman diyya a kan inshora ɗaya kawai yake aiki. Idan ka buɗe wa sabon babur takarda daban alhali tsohuwar na nan, sabuwar za ta fara ba rangwame. Haɗarin wannan zaɓin shi ne mantuwa, da biyan kuɗin aiki sau biyu: ɗaya na sawa, ɗaya na cirewa.

Zaɓi na huɗu: inshorar 'yan kwanaki, ko jiran ranar sabuntawa

Inshorar wucin gadi ta kwana ɗaya zuwa wata guda tana da tsada idan aka ƙirga ta kwana-kwana, ba ta tara rangwame, kuma ba kowa ake sayar wa ba, musamman matasa da masu sabon lasisi. Amfaninta cike giɓi ne: ɗauko babur daga wurin mai sayarwa, ko ƙarasa makonni biyu da suka rage kafin sabuntawa.

Jira kuwa shi ne zaɓin da ba ya cin komai. Idan saura mako 3 inshorarka ta ƙare, kuma mai sayarwa zai karɓi kafin alƙalami ya ajiye maka baburin, ka kauce wa kuɗin aiki, ka cika shekara, ka shiga kasuwa da ƙarfinka. Wahalarsa ɗaya ce, haƙuri, kuma na san ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya riga ya ji ƙarar injin.

| Zaɓi | Kuɗi | Rangwame da ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Sauyawa a kan takardar | Kuɗin aiki da bambancin kwanakin da suka rage | Shekara na ci gaba, ranar sabuntawa ba ta motsi | Kira ɗaya ko ta intanet | Farashin kamfani ɗaya, sababbin sharuɗɗa |
| Sokewa da sayen sabuwa | Kuɗin sokewa, abin da ba ya dawowa, kuɗin sabuwar shekara | Guntuwar shekara ta tafi, an fara ƙirga sabo | Takardu da neman shaida | Giɓi tsakanin biyun, jinkirin mayar da kuɗi |
| Riƙe biyun | Ƙarin kuɗi, watakila kuɗin aiki sau biyu | Shekara na ci gaba idan takarda ɗaya ce | Matsakaici | Manta cire wanda aka sayar |
| Ta 'yan kwanaki | Tsada a kowace rana | Ba ta tara komai | Nan take, ga wanda aka yarda da shi | Ƙarewa ba a lura ba |
| Jira | Babu | Cikakkiyar shekara | Sai haƙuri | Wani ya riga ka sayen baburin |

Abin da ba zaɓi ba ne

Akwai masu cewa ai inshorar ta kusa ƙarewa, bari in lallaɓa da sabon haka. Inshorar babur an ɗaure ta ne da baburin da aka rubuta. Hawa wani daban ba tare da an sanar ba daidai yake da hawa ba inshora, ko da takarda na aljihu. A Birtaniya hukuncinsa ya haɗa da tara, da maki 6 na laifi a kan lasisi, da ƙwace baburin. Tarar ma da sauƙi. Idan ka buge mutum ya nakasa, diyyar tana iya fin abin da za ka tara a rayuwarka, kuma a kanka za ta faɗo.

Wasu takardun suna da sakin layi da ke ba ka damar hawa baburin wani. Kada ya ruɗe ka. Galibi wanda ka yi wa ɓarna kaɗai yake biya, kuma ba ya aiki a kan duk baburin da kai ka mallaka. A Amurka kamfanoni da yawa suna ba sabon abin hawa kariya ta 'yan kwanaki kafin a sanar da su, amma adadin kwanakin da irin kariyar suna cikin takardar kowane mutum ne, ba abin da za a ji a bakin aboki a hau titi da shi ba.

Ɗaya gefen kuma shi ne barin inshora a kan baburin da ka sayar, wai don shekarar rangwame ta cika. Wannan dabarar tana da mugun haɗari. Idan mai sayen bai yi tasa ba ya yi hatsari, doka a wasu ƙasashen tana iya tilasta wa kamfaninka ya biya wanda aka ji wa ciwo, shi kuma ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa. Dokoki sun sha bamban a nan. A Faransa inshorar tana tsayawa da kanta daga ƙarfe 12 na daren ranar da aka sayar. A Indiya kuwa inshorar wanda aka yi wa ɓarna tana bin baburin zuwa ga mai saye, shi kuma yana da kwana 14 ya nemi a mayar da ita sunansa, rangwamen kuma ya zauna da tsohon mai shi. Ka san wace iri ce taka kafin ka miƙa makulli. A ranar cinikin ku rubuta kwanan wata da ƙarfe nawa a takardar sayarwa, ku biyun ku sa hannu, sannan ka kira kamfani mai sayen bai ma gama ɗaura hula ba.

Kiran da ya fi muhimmanci dai kafin a biya kuɗin babur ake yin sa. Ka samo lambar baburin da kake zawarci, ka ce wa ma'aikacin: "Malam, ban saya ba tukuna. In na sa wannan a kan takardata daga ranar kaza, nawa zan cika, nawa ne kuɗin aiki a ciki? Kason da zan biya in an yi hatsari zai sauya? Akwai sabon sharaɗi na wurin kwana? In kuma na soke a ranar, nawa ne zai shigo hannuna bayan an cire komai?" Tambaya ba ta ɗaure ka da komai. Ka kuma faɗi gaskiyar duk gyaran da aka yi wa baburin, ko salansa ce aka sauya, ka tabbatar lasisinka ya kai girmansa. A Turai, misali, lasisin A1 iyakarsa cc 125 da ƙarfin inji na kilowat 11, A2 kuma kilowat 35, kuma inshorar da aka yi a kan baburin da lasisinka bai kai ba tana iya zama takardar banza ranar da ka buƙace ta.

Wa ya dace da wanne

Wanda ya wuce rabin shekara, musamman sabon mai babur da ke gina shekarunsa na farko na rangwame, ya sauya a kan takardarsa, sai fa idan farashin da aka ba shi ya wuce hankali. Haka wanda ya nemi diyya a wannan shekarar, shi ma sauyawa ce hanyarsa, tunda sokewa ba za ta dawo masa da komai ba.

Wanda yake watannin farko, ya yi tsalle daga ƙaramin babur zuwa babba, kamfaninsa kuma yana mayar da kuɗi kwana-kwana, ya yi lissafin da ke sama da alƙalumansa. Idan ribar ta yi kauri ya soke, bayan ya tabbatar sabuwar ta fara aiki kafin tsohuwar ta tsaya. Wanda ya riga ya kai ƙololuwar rangwame ya fi kowa 'yancin yin haka, domin guntuwar shekarar da zai zubar ba za ta ƙara masa komai ba.

Mai tsohon babur da bai samu mai saye ba ya nemi a bar masa shi a kan takardar na 'yan makonni, ya sa wa kansa tunatarwa a waya ta ranar cirewa. Mai son riƙe biyun ya nemi farashin takarda ɗaya mai babura biyu kafin ya buɗe ta biyu.

Wanda ya rage masa ƙasa da wata guda ya roƙi mai sayarwa ya jira shi. Idan ya ƙi, ya kwatanta kuɗin sauyawa na waɗannan kwanakin da kuɗin inshorar wucin gadi ya ɗauki mai arahar, tare da tuna cewa idan tsohon baburin ya riga ya bar hannunsa, dole a cire shi daga takardar a ranar ko da wanne ya zaɓa.